Ranar Wanka Ba a Ɓoye Cibi: Baƙo, Ciwonsa da Haƙƙin Mai Masauki

A ɗauki misalin wani malamin makarantar sakandare a Sandamu, mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda ya daɗe yana shan maganin hawan jini da na ciwon sukari. Yana da amini a Damagaram, ɗan kasuwa, wanda suka saba tun suna samari a kasuwar Mai'aduwa. Aminin zai aurar da 'yarsa ta fari, kuma ya yi waya har sau uku yana cewa, "Malam, in ba ka zo ba, ba a ɗaura ba." Kwana biyu kafin tafiyar, malamin ya fara jin zazzaɓi da ciwon kai. Uwargidansa ta ce ya haƙura, ya ce ina, ai da kunya. Ya sayi ƙwayoyi a kemis, ya zuba sauran magungunansa a leda ba tare da kwalayensu ba, ya hau mota zuwa Daura, daga nan Kwangwalam, Ɗan Barto, Matamai, har cikin Damagaram. Da aminin ya tarbe shi ya ce, "Yaya hanya, yaya gajiya?" sai ya amsa, "Ba gajiya, lafiya lau." Daren ɗaurin aure ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin baƙi. Mai gida ya bar taronsa ya kwashe shi zuwa asibiti, likita ya tambaya wane ciwo ke gare shi, wane magani yake sha, kuma babu wanda ya san amsa.

Duk wanda ya zauna a ƙasar Daura ya ji irin wannan labari, ko da sunaye da garuruwa sun bambanta. Mutane kan yaba wa irin wannan malami, su ce mutum ne mai zumunci, mai kara. Yabon yana da gurbinsa, amma ya bar abu guda a baya. Baƙon da ya san ba shi da lafiya, ya tsallaka iyaka zuwa gidan amininsa bai faɗa masa ba, ya ɗora masa amana ba tare da ya sanar da shi nauyinta ba. Sanin halin lafiyar baƙo haƙƙi ne na mai masauki, kuma ɓoye shi tauye wannan haƙƙi ne, komai kyawun niyyar mai ɓoyewar.

Inda ɓoyon ya samo asali

Bahaushe ba ya ɓoye ciwo don mugunta. Tarbiyya ce ta koya masa. Gaisuwar Hausa kanta ba ta bar ƙofar mummunar amsa ba. Wanda aka tambaya yaya jiki zai ce da sauƙi ko da kuwa numfashi yake ja da ƙyar, wanda aka tambaya gajiya zai ce ba gajiya ko da daga Agadas ya taso. Wannan ladabi ne mai kyau, domin yana koyar da godiya ga Allah da ƙin ɗora wa mutane damuwa a bakin ƙofa. Matsalar tana farawa ne sa'ad da gaisuwa ta zama ita ce kaɗai tambayar da aka yi, kuma ita ce kaɗai amsar da aka bayar.

A kan wannan akwai kara. Baƙo yana ganin mai gida ya yanka masa kaza, ya ba shi ɗakinsa, ya bar harkokinsa dominsa, sai ya ji nauyin ya ƙara masa da cewa ga shi kuma ba ya cin gishiri, ko ga allurar da sai an ajiye ta a wuri mai sanyi. Ga kuma tsoron fassara. A al'adar da ta ce zumunci a ƙafa yake, wanda ya ce ba zai zo ba saboda jiki yana tsoron a ce uzuri ya ƙirƙira. Namiji babba kuma yana jin bayyana rauni a gaban iyalin wani kamar zubar da girma ne. Waɗannan dalilai duk na mutunci ne, shi ya sa suke da wuyar tankwarawa. Sai dai mutuncin da suke karewa na sa'a guda ne, kuma sau da yawa mai masauki ne ke biyan kuɗinsa da dare, a ƙofar asibiti.

Iyakar da ba a gani a zaure, ana ganinta a asibiti

Mutumin Sandamu yana da hujjar ganin Damagaram ba waje ba ce. Masarautar Daura ta yau, wato ƙananan hukumomin Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure, yanki ne na tsohuwar ƙasa da ta miƙe har cikin abin da ake kira Nijar yanzu. A ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Daura da suka koma Zango da Baure sun rayu ƙarƙashin inuwar Damagaram. Layin da ya raba ƙasashen biyu Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi wanda gonarsa ke gefe guda rijiyarsa ke ɗaya gefen ba. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, aure kuma bai taɓa tsayawa a shingen kwastan ba.

Amma shekara fiye da ɗari na mulki iri biyu sun haifar da asibiti iri biyu. Likitan Damagaram zai yi wa majinyaci magana da Hausa tsantsa, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa doka, amma karatunsa da takardarsa da ma'auninsa na tsarin Faransa ne. Hawan jinin da ake rubuta 140/90 a Daura, a can za a ce 14/9. Sukarin jini ya fi wannan haɗari. A Nijeriya galibi ana auna shi da milimol a lita ko miligiram a desilita, a ƙasashen renon Faransa kuwa galibi da giram a lita. Adadin da ke nuna ciwon sukari ga wanda bai karya kumallo ba shi ne 7.0 a ma'auni na farko, 126 a na biyu, 1.26 a na uku, kuma duk abu ɗaya suke nufi. Baƙon da ya ji an ce sukarinsa 2 ne, in ya fassara shi da ma'aunin gida, zai ɗauka ya faɗi ƙasa warwas ya nemi lemo mai zaƙi, alhali a ma'aunin can 2 ya haura 11 a nasa, wato sukarin ya hau ne.

Haka sunayen magunguna. Abin da aka sani da Panadol a wannan gefe, Doliprane ko Efferalgan ake nema a wancan, kuma duka farasitamol ne. Mai zazzaɓin da ya sha na aljihunsa, mai gida kuma ya kawo masa nasa don kulawa, zai iya ninka ƙa'ida bai sani ba, kuma yawan farasitamol yana lalata hanta. Ƙwayoyin da aka zube a leda ba kwali ba takarda, babu likitan da zai iya sanin ko mene ne su da tsakar dare.

Sai kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi asarar daraja mai yawa. Abin da malami ya ɗauka guzuri ne mai kauri yakan zama ɗan kaɗan idan aka canza shi a gaban kantin magani. Katin inshorar lafiya na hukumar NHIA kuma yana aiki ne a asibitocin da hukumar ta amince da su a cikin Nijeriya. Duk abin da ya rage, aljihun mai masauki ne zai cike, a ranar da ya riga ya kashe abin da ya tara a kan biki.

Ita kanta hanyar komawa gida ba tabbas ba ce. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an sake rufe iyaka da Nijar ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Mai lafiya yana iya hawa babur ya bi ta cikin gonaki. Wanda ke kwance da ƙarin ruwa a hannu ba zai iya ba.

Ciwon da ba na mai shi kaɗai ba

Hawan jini da sukari suna tsayawa a jikin mai su. Akwai cututtukan da ke sauka tare da baƙo su shiga cikin gida. Ƙasar Daura da Damagaram duk suna cikin yankin sanƙarau na Afirka, wanda ke tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, wato daidai lokacin da aka gama girbi aka shiga bukukuwa da tafiye-tafiye. Annobar 1996 ta yi ɓarnar da ta sa Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin Hajji a wannan shekara. A 2023 mashaƙo ya addabi Kano da maƙwabtanta, kuma a wannan shekarar ya ɓulla a jihar Damagaram, inda Matamai, garin da ke kan hanyar Daura, ta kasance cikin wuraren da ya fi tsananta. Mashaƙo yana farawa da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, abin da babba zai raina ya ce mura ce, amma yana kashe yaron da ba a yi wa rigakafi ba. Mai ƙyanda yana yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito masa. A gidan biki kuwa ana kwana ɗaki ɗaya, ana sha a moɗa ɗaya, ana miƙa wa baƙo jariri ya sa masa albarka.

Nijeriya ta ga iyakar wannan al'amari a 2014. Ranar 20 ga Yuli, Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya, yana kan hanyar zuwa taron ECOWAS a Kalaba, alhali ya san ya yi jinyar 'yar'uwarsa da Ebola ta kashe. Ya faɗi a filin jirgi, aka kai shi asibiti, kuma da farko bai bayyana gaskiyar abin da ya taɓa ba. Dakta Stella Ameyo Adadevoh ce ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ya mutu ranar 25 ga Yuli, ita kuma ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarshen cutar a ƙasar ranar 20 ga Oktoba. Cikin waɗanda suka rasu har da jami'in ECOWAS da aka tura ya tarbe shi. Zazzaɓin malamin Sandamu ba Ebola ba ne, amma tsarin abin ɗaya ne. Wanda ya fara ɗaukar cutar baƙo shi ne wanda ya fi kusantarsa don karramawa.

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudu. Sa'ad da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham ya samu labarin annoba a Sarg, ya yi shawara da sahabbai sannan ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya fasa tafiya don kada ya kai wa gidan amininsa cuta bai yi ƙarancin tawakkali ba, kuma yana da magabaci a kan abin da ya yi.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Mai musu zai ce in aka bi wannan, zumunci zai mutu. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke zagayowa kowace damina, kuma da wuya a samu dattijon da ba ya fama da wani abu, jiran cikakkiyar lafiya kafin tafiya daidai yake da zama a gida har abada. Zai ƙara da cewa ciwo sirri ne, kuma akwai cututtukan da in mutum ya faɗa, za a canza masa kwano a canza masa fuska. Akwai kuma tafiyar da ciwon ne ma dalilinta, kamar tsohon da ke son ya ga amininsa tun yana da sauran ƙarfi, ko wanda abokinsa ya ce ya zo a gwada likitan garinsu.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ya rushe maganar. Abin da ake nema a wurin baƙo shi ne ya faɗa, ba lallai ya fasa ba. Ciwo iri uku ne a wannan babi. Akwai mai yaɗuwa, ko zazzaɓin da ba a san kansa ba, wanda hukuncinsa a dakata har likita ya duba. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa minti goma sha biyar zuwa ashirin yake ɗauka, kuma rabin yini a asibitin Daura ya fi kwana uku a gadon asibitin wata ƙasa. Akwai ciwo na zaune, kamar hawan jini, sukari, asma, farfaɗiya ko sikila, wanda ba ya hana tafiya amma yana buƙatar shiri. Akwai kuma ƙananan laulayi da ba su shafi kowa ba, waɗanda mutum ke da 'yancin riƙe wa kansa. Batun sirri kuma bai kai yadda ake zato ba, domin ba a ce a yi shela a zaure ba. Mutum ɗaya ake bukata ya sani, wato mai gidan da za a tasa da dare in wani abu ya faru. Aminin da ba za a iya ba shi wannan sirri ba, da wuya amincin ya kai a kwana a gidansa.

Lissafin kara ma in aka bi shi zuwa ƙarshe, juyawa yake yi. Mai gidan da aka gaya wa tun da wuri zai sa a rage gishiri a kwano ɗaya, ya nemi wuri a firjin maƙwabci, ya riƙe lambar wani ma'aikacin jinya. Wannan ɗawainiya ce ƙarama, kuma mai karamci yana jin daɗin yin ta. Mai gidan da ba a gaya wa ba shi ne zai tsaya gaban likita ba amsa, shi zai buga wa iyalin baƙo waya, kuma in abin ya zo da ƙarar kwana, shi zai shiga neman takardun tsallakar da gawa ko ya yanke shawarar binne amininsa nesa da 'ya'yansa. Zai kuma rayu yana tambayar kansa ko tuwon da ya matsa masa ya ci ne sanadi.

In tafiyar ta wuce Damagaram

'Ya'yan ƙasar Daura da suka yi karatu a Sudan, Masar, Indiya, Malesiya, Turkiyya ko Ingila suna da abokai a can, kuma gayyata takan zo. Duk abin da aka faɗa a kan Nijar yana ninkuwa a irin wannan tafiya, domin babu Hausa a bakin likita, babu dangi a gari na gaba. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen suna sharɗanta inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, amma irin wannan inshora galibi ba ta biyan ciwon da mutum ya taho da shi daga gida, musamman in bai bayyana shi ba. A Ingila, baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin. Kamfanin jirgi yana da ikon hana wanda ya ga alamar ciwo mai tsanani a jikinsa hawa. Magungunan da ke ɗauke da kodin ko tiramadol suna iya kai mutum hannun hukuma a ƙasashen Larabawa in babu takardar likita. Katin rigakafin shawara kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, ko da yake tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Abokin da ya rubuta wasiƙar gayyata ya sa sunansa da adireshinsa a gaban hukumar ƙasarsa, saboda haka shi ya fi kowa cancantar sanin wanda yake gayyata da halin da yake ciki.

Rabon aiki tsakanin baƙo da mai gida

Abin da ke kan baƙo kaɗan ne. Ya ga likita kafin ya tashi in jikinsa ya canza. Ya ɗauki magungunansa a cikin kwalayensu, da abin da zai ishe shi har da ƙarin kwanaki. Ya sa a rubuta masa takarda guda mai ɗauke da sunan ciwonsa, sunan asali na kowane magani da adadinsa, abin da jikinsa ba ya karɓa, rukunin jininsa, da lambar wanda za a kira a gida. Sannan ya yi waya kafin tafiya, bayan an gama gaisuwa, ya ce, "Alhaji, akwai maganar da nake so ka sani kafin in iso."

Mai masauki ma yana da nasa rabo, kuma watakila nasa ya fi muhimmanci, domin shi ke iya sauƙaƙa wa baƙo kunya. Gayyatar da aka ɗaure da rantsuwa, irin ta in ba ka zo ba babu ni babu kai, tana tura mara lafiya kan hanya. Wadda ta bar ƙofa, ta ce in jiki ya ba da dama, tana ba shi damar faɗin gaskiya. Bayan an kai baƙo masauki an kawo ruwa, akwai tambaya ta biyu da ta kamata a yi a keɓe, ba cikin jerin gaisuwa ba: akwai abin da ba ka ci, akwai maganin da kake sha? Kuma wanda ya aiko da uzurin rashin lafiya, a karɓa masa da addu'a, a kuma je a duba shi in an samu hali, tunda hanyar da ta kawo shi Damagaram ita ce ke kai mutum Sandamu.

Ƙasar Daura ta fi kowace sanin wannan darasi, domin labarin kafuwarta labarin baƙo ne. Bayajidda ya iso garin da dare, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, kuma abin da ya fara yi shi ne faɗin bukatarsa, ya nemi ruwa. Ita ma ba ta rufe shi da karamcin baki ba, ta gaya masa gaskiyar halin da garin ke ciki game da rijiyar Kusugu da macijin da ke cikinta. Da ya yi kara ya kwana da ƙishirwa, ko da ita ta ji kunyar faɗa masa babu ruwa, da labarin ya ƙare a wannan dare. Rijiyar tana nan a Daura har yau, tafiya kaɗan daga Sandamu, kuma duk matafiyin da zai nufi Kwangwalam ta garin yake bi.